Daga Maraɗi Zuwa Legas Ta Hanyar Landan: Tarihin Mahaɗar Intanet

A ƙarshen watan Yuli na shekarar 2009 ina tsaron wani shagon intanet a Maraɗi, irin wanda muke kira sibar, mai kwamfuta takwas da injin buga takardu ɗaya. Wata safiya muka buɗe shago, layi ya ƙi tashi. Muka kashe muka kunna, muka bi waya har bakin bango, muka buga wa kamfanin da ke ba mu layi, babu wanda ya ɗauka. Sai can da yamma labari ya iso cewa ɓarnar a teku take. Wayar nan ta ƙarƙashin ruwa da ake kira SAT-3, wadda ta fara aiki a 2002, ta lalace a ɓangaren Kwatano. Ta can ne Nijar ke samun layinta, tunda ba mu da bakin teku. Nijar da Togo suka kusan fita daga intanet baki ɗaya, Najeriya kuwa aka ce ta rasa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin layinta.

Cinikin da muka rasa bai dame ni ba kamar halin wani ɗalibi da ya riƙa zuwa kullum. Wata makaranta a Najeriya ta ba shi gurbi, yana son ya buga takardar shaidar kafin wa'adi ya cika. Kwana uku a jere yana zuwa, yana zama a benci, yana kallon allon da ba ya motsi. A rana ta huɗu ya ranci kuɗin mota ya tsallaka iyaka ta Ɗan Isa. Da layi ya dawo, sai na tambayi injiniyan da ke mana gyara: yaya za a yi waya ta tsinke a teku, ta raba mu da maƙwabcin da muke zuwa wurinsa a mota? Bai ce komai ba, ya zauna gaban kwamfuta ya rubuta wani umarni da ke nuna zangon da saƙo ke yadawa a hanya, ya sa adireshin wani shafi da ke ajiye a Najeriya. Sunaye suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya: Yamai, Kwatano, wani gari a Faransa, Landan, sannan Legas. Ya ce mini, "Ka gani ko, ƙanena? Ku da su ba ku da wurin haɗuwa sai gidan Bature."

Tun daga ranar nake bibiyar tarihin wannan wurin haɗuwa, wato mahaɗar intanet. Abin da na fahimta, kuma shi nake son in nuna wa mai karatu, shi ne cewa a ko'ina aka kafa ta, kayan aikin ba su taɓa zama babbar matsala ba. Wahalar tana wajen shawo kan abokan gasa su yarda da maganar juna, da kuma shawo kan hukuma ta ƙyale su.

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata mu san yadda abin yake tafiya. Intanet tarin hanyoyin sadarwa ne masu cin gashin kansu, fiye da 70,000 a yau, kowace da mai ita: kamfanin waya, jami'a, banki, ma'aikatar gwamnati, ko manyan kamfanoni irin su Google da Facebook. Kowace tana da lambar shaida da kuma rukunin adireshi da aka ba ta. A Afirka, hukumar AFRINIC da ke tsibirin Morishas ce ke raba waɗannan lambobi tun 2005. Babu wani sarki a tsakiya da ke cewa saƙo ya bi nan ko can. Kowane kamfani yana sanar da maƙwabcinsa ne cewa, ni ne lamba kaza, duk mai neman adireshi daga nan zuwa nan ya biyo ta wurina. Maƙwabcin ya ƙara lambarsa a kan sanarwar ya miƙa wa na gaba, a haka har ta karaɗe duniya. Na'urar raba hanya ta kowane kamfani tana tara waɗannan sanarwoyi, ta zaɓi wadda za ta bi. Ƙa'idar da suke magana da ita sunanta BGP.

Dangantaka tsakanin kamfanoni biyu iri biyu ce. Ta farko haya ce: ƙaramin kamfani ya biya babba, babban ya ɗauki kayansa zuwa ko'ina a duniya. Ta biyu ita ce ba ni gishiri in ba ka manda: kamfanoni biyu su yarda cewa saƙon abokan cinikina zuwa naka, da na naka zuwa nawa, mu miƙa wa juna kai tsaye, yawanci ba tare da biyan ko sisi ba. Mahaɗar intanet wuri ne da aka tanada domin irin wannan musayar. Ɗaki ne mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa, a cikinsa akwai akwatin haɗi, kowane kamfani ya jawo wayarsa ya soka. In babu ita, kamfanoni biyu da ke gari ɗaya sai su haɗu a wurin wanda suke biya haya, shi kuwa a da can yana Turai ko Amurka.

Ita kanta ƙa'idar BGP a kan teburin cin abinci aka haife ta. A watan Janairu na 1989, a wani taron injiniyoyin intanet a birnin Austin na jihar Teksas, Kirk Lougheed na kamfanin Cisco da Yakov Rekhter na kamfanin IBM suka zauna cin abinci. Tsohuwar ƙa'idar da ake amfani da ita ta fara gazawa saboda hanyoyi sun yi yawa. Suka zana sabon tsari a kan takardun goge hannu, a watan Yuni na shekarar aka wallafa shi. Niyyarsu ya zama maganin wucin gadi. Siga ta huɗu ta wannan tsari ta fara aiki a 1994, kuma ita ce har yau ke riƙe da intanet. Akwai abu ɗaya da ba su sa a ciki ba, wato hanyar tabbatar da gaskiyar mai sanarwa. A lokacin masu kula da hanyoyin kaɗan ne, sun san juna, in wani ya yi kuskure sai a ɗaga waya a kira shi. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mahaɗar ƴan kasuwa ta farko ta samo asali ne daga wata takura. A Amurka, babbar hanyar da ta haɗa jami'o'i a wancan lokaci, NSFNET, da kuɗin gwamnati aka gina ta, kuma dokarta ta taƙaita amfani da ita ga bincike da ilimi. Kamfanonin da suka fara sayar wa mutane intanet ba su da damar bi ta kanta da harkar kasuwanci. A 1991 uku daga cikinsu, PSINet da UUNET da CERFnet, suka haɗa hanyoyinsu a jihar Kalifoniya, suka kira abin CIX, bisa sharaɗin kowa ya karɓi saƙon kowa babu lissafi. Kishiyoyi ne, kowanne na neman ƙwace abokan cinikin ɗan'uwansa, amma sun ga cewa layin da ba ya isa ga mutanen ɗaya kamfanin ba shi da daraja a wurin mai saye.

Turai ma ta sha irin wahalar da muka sha. A farkon shekarun 1990, saƙo tsakanin kamfanoni biyu na Ingila kan tsallaka tekun Atalantika zuwa Amurka ya dawo, a kan layi mai tsadar gaske. A 1994 kamfanoni da cibiyoyi biyar suka haɗu a wani gini da ke gabashin Landan, da akwatin haɗi guda ɗaya, suka kafa LINX. A shekarar aka fara irin wannan haɗi a Amsterdam, a 1995 kamfanoni uku suka kafa DE-CIX a Frankfurt ta Jamus. Waɗannan uku suna cikin manyan mahaɗun duniya a yau, kuma su ne gidan Baturen da injiniyanmu yake nufi. A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ce ta fara, da mahaɗar Johannesburg a 1996.

Labarin da ya fi koya mini darasi shi ne na Kenya. A shekarar 2000 babu wayar teku ko ɗaya da ta iso Kenya, sai a 2009 suka samu. Komai ta tauraron ɗan'adam yake fita, shi kuwa tauraron yana rataye a nisan kilomita kusan 36,000 daga ƙasa. Kamfanin gwamnati, Telkom Kenya, shi kaɗai doka ta ba ikon fitar da sadarwa ƙasar waje. Saboda haka in mutum a Nairobi ya aika saƙo ga maƙwabcinsa da ke kan wani kamfanin, sai saƙon ya hau sama, ya sauka a wata nahiya, ya sake hawa ya dawo, kuma kamfanonin biyu duk su biya kuɗin layin waje.

Kamfanonin sayar da intanet na ƙasar, ƙarƙashin ƙungiyarsu TESPOK, suka yanke shawarar haɗa kansu. A watan Nuwamba na 2000 suka buɗe mahaɗar KIXP a Nairobi. Nan take aka ga bambanci. Lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, wanda a da yake tsakanin milisakan 1,200 zuwa 2,000, ya faɗo zuwa tsakanin 60 da 80. Milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan, wato jiran kusan sakan biyu ya koma ƙasa da ƙiftawar ido. Ta fuskar kuɗi kuwa, ƙaramin layi mai kilobit 64 da ake biyan dalar Amurka 3,375 a wata in na waje ne, na cikin gida dala 200 ne.

Daɗin bai wuce mako biyu ba. Telkom Kenya ya kai ƙara gaban hukumar sadarwa ta ƙasar, CCK, cewa mahaɗar ta shiga gonarsa. Hukuma ta ce KIXP ba ta da lasisi, ta ba da umarni a rufe ta. Aka kashe na'ura, saƙonnin Nairobi suka koma hawa sama. TESPOK ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun sauraron ƙorafin sadarwa, da hujjar cewa abin da ke wucewa ta mahaɗar na cikin gida ne, bai tsallaka iyaka ba, don haka bai taɓa ikon da aka ba Telkom ba. Aka yi kusan shekara ana ja-in-ja. A ƙarshe aka sasanta: a yi wa mahaɗar rajista a matsayin kamfani, ta nemi lasisi. A watan Nuwamba na 2001 aka ba ta, a watan Fabrairu na 2002 ta sake buɗewa.

Duk lokacin da na karanta wannan labari nakan tsaya a kan watannin nan goma sha huɗu ko sha biyar da na'urar ta yi a kashe. Babu abin da ya lalace a jikinta. Kuɗin da kamfanoni ke biya don saƙon gida ya zaga ta waje riba ce a wurin mai layin wajen, shi ya sa duk abin da zai gajarta hanyar ya zama masa barazana. Ba a Kenya kaɗai aka ga wannan hali ba. Babban kamfani a ko'ina yakan ja ƙafa wajen shiga mahaɗa, domin ƙananan da zai yi musaya da su kyauta su ne waɗanda yake so su zo su biya shi haya.

A yammacin Afirka, an yi ƙaramin yunƙuri a Ibadan a 2003. Ghana ta buɗe mahaɗarta a Accra a watan Oktoba na 2005. A Najeriya abin ya zo ta wata fuska dabam da ta Kenya, domin daga sama aka turo shi: Shugaba Olusegun Obasanjo ya ba da umarni a 2005 a kafa mahaɗa, hukumar sadarwa ta NCC ta tallafa, aka kafa IXPN a Legas a 2006, daga baya ta yi rassa a Abuja da Fatakwal da Enugu da Kano. Bayan waɗannan gine-gine akwai wani aikin da ba a cika ambata ba, na tara injiniyoyin nahiyar wuri ɗaya su koyi aiki kuma su san juna. Taron AfNOG, wanda Nii Quaynor na Ghana yake cikin jagororinsa, ya fara a birnin Cape Town a 2000. Taron AfPIF, wanda aka ware musamman don ƙulla musayar hanya, ya fara a Nairobi a 2010.

Amfanin ya fito a lissafi. Wani nazari da ƙungiyar Internet Society ta sa aka yi a 2012 ya nuna cewa KIXP na ɗaukar gigabit ɗaya a sakan a lokacin cunkoso, tana rage wa kamfanonin Kenya asarar kusan dala miliyan ɗaya da rabi a shekara. IXPN kuwa tana ɗaukar megabit 300, tana ceton kimanin dala miliyan ɗaya. Da aka sake dubawa a 2020, ta Kenya ta kai gigabit 19, ta Najeriya ta kai 125, kuɗin da ake ceta a Najeriya ya kai dala miliyan 40 a shekara. Babban abin da ya kawo wannan hauhawa shi ne manyan masu ajiyar bidiyo da hotuna sun kawo rumbunansu sun ajiye kusa da mahaɗar. Bidiyon da mutum dubu za su kalla a Kano sau ɗaya zai tsallako teku, sauran kallon daga gida za a ɗauko shi.

To, yaya ake daidaita hanya a cikin ɗakin kansa? Soka waya a akwatin haɗi bai isa ba, sai na'urar kamfani ta ƙulla zance da na'urar kowane kamfanin da za su yi musaya. In membobi goma ne, kuma kowa na son haɗuwa da kowa, ana buƙatar ƙulli 45. In sun kai hamsin, 1,225. In sun kai ɗari, 4,950, kowane ƙulli kuwa sai injiniyoyi biyu sun yi magana sun rubuta shi a na'urorinsu. Don rage wannan wahala aka samar da wata na'ura a tsakiya, ni sankira nake kiranta. Kowane memba ya faɗa mata adireshin da yake da su, ita kuma ta shelanta wa sauran. Kayan ba sa bi ta kanta, sanarwa kawai take rabawa. Sabon memba da ƙulli ɗaya sai ya sami hanya zuwa yawancin mutanen ɗakin. Duk da haka kowa na da ra'ayinsa: wani ya ce ƙofata a buɗe take ga kowa, wani ya ce sai wanda girmansa ya kusa nawa, wani ya ce sai mun yi magana mu biyu. Mahaɗar kirki ba ta tilasta wa kowa, ba ta kuma gasa da membobinta wajen sayar da layi. Shi ya sa da yawansu ƙungiyoyi ne da ba na neman riba ba, membobi ke zaɓen masu gudanarwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ake ƙulla waɗannan yarjejeniyoyi. A 2011 cibiyar Packet Clearing House ta bincika fiye da yarjejeniya 142,000 na musayar hanya a duniya, ta tarar kashi 99.5 cikin 100 ba su da takardar da aka sa wa hannu. Da baki aka yi su, ko da ɗan gajeren saƙo. Wanda ya girma a kasuwar Maraɗi ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ya ga an ɗora wa mutum kayan miliyoyi zuwa Kano bisa shaidar dillali kawai. Ya kuma san abin da ke faruwa ranar da maganar wani ta zama ba daidai ba.

Wannan ya dawo da mu ga giɓin da aka bari a kan takardun goge hannu. Tunda BGP ba ta tambayar hujja, duk wanda ya sanar da adireshin da ba nasa ba, in maƙwabcinsa bai tace ba, sanarwar za ta wuce. Akwai kuma wata ƙa'ida: in sanarwa biyu suka zo, ɗaya ta ambaci babban rukunin adireshi, ɗaya ta ambaci ƙaramin yanki a cikinsa, na'ura ta fi yarda da mai ƙaramin. A watan Fabrairu na 2008, gwamnatin Pakistan ta ba da umarni a toshe YouTube a ƙasar. Kamfanin Pakistan Telecom ya ƙirƙiri sanarwar ƙaramin yanki na adireshin YouTube don ya karkatar da ƴan ƙasar zuwa rami. Sanarwar ta kuɓuce zuwa kamfanin PCCW na Hong Kong da suke haya a wurinsa, shi kuma ya yaɗa ta. Kusan awa biyu masu neman YouTube a sassa da yawa na duniya suna faɗawa Pakistan.

Shekara goma bayan nan irin haka ta taso daga Legas. Kamfanin MainOne yana musayar hanya da Google a IXPN. Sanarwoyin da Google ke ba shi a nan don amfanin abokan cinikinsa ne kawai, bai kamata su wuce gaba ba. Ranar 12 ga Nuwamba, 2018, ana cikin gyaran na'urori, aka yi kuskuren saiti, rukunin adireshin Google fiye da 200 suka zube zuwa kamfanin China Telecom. Shi ma bai tace ba, ya miƙa wa wasu, ciki har da TransTelecom na Rasha. Masu neman Google a Amurka da wasu wurare sai saƙonsu ya nufi Rasha da Sin yana neman Legas, ya maƙale a hanya. Minti 74 aka yi a haka. Da farko an yi ta zargin leƙen asiri saboda sunayen ƙasashen da suka fito, amma washegari MainOne ya fito ya ce kuskurensa ne, kuma Google ya ce bai ga alamar mugun nufi ba. Na ga mutuncinsu da suka amsa da wuri. Sai dai laifin bai tsaya a kansu ba, domin duk wanda ya karɓi sanarwar ya miƙa ba tare da dubawa ba yana da nasa kaso.

Gyaran da ake yi tun daga wancan lokaci duk kan tacewa yake. Akwai rajistar da kowane kamfani ke rubuta adireshin da yake da ikon sanarwa. Akwai tsarin RPKI, inda hukumomi irin su AFRINIC ke ba da shaidar da na'ura za ta iya tantancewa cewa lamba kaza ce ke da ikon adireshi kaza. Akwai iyaka da ake sa wa maƙwabci, in wanda ya saba sanar da rukuni ashirin ya zo da dubu, sai ƙullin ya yanke da kansa. A 2014 wasu kamfanoni suka fito da wani alkawarin ladabin hanya mai suna MANRS, daga baya aka buɗe wa mahaɗu nasu sashe. A nan sankira ta sami sabon aiki, tunda sanarwar membobi da yawa ta kanta take bi, in aka sa mata rariya, ta kare ɗakin gaba ɗaya. Amma babu ɗan sandan da ke tilasta ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kamfanin da ya tace, yawanci wasu yake karewa, shi kuma kariyarsa tana hannun wasu.

Ranar 14 ga Maris, 2024, na tuna da bencin shagonmu. Wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da ACE da tsohuwar SAT-3, suka lalace kusan lokaci ɗaya a gaɓar Kwaddibuwa. Daga Laberiya har Najeriya layi ya yi rauni, bankuna suka tsaya a wurare da yawa, gyara ya ɗauki makonni. Bambanci da 2009 shi ne an sami wasu wayoyin da aka karkata zuwa gare su, kuma abin da ke ajiye a cikin ƙasa, wanda kamfanoni ke kaiwa gare shi ta mahaɗar gida, bai dogara da teku ba. Wanda ya ajiye kayansa a Turai kuwa, ko ofishinsa na kallon gidanka, sai ka jira jirgin gyara.

Mu da ba mu da teku, wannan tarihi ya fi shafar mu. Duk megabit da ya fita daga Nijar ko Chadi zuwa Turai sai ya biya kuɗin ƙasa kafin ya biya na ruwa. Ana shimfiɗa wayar da za ta ratsa Sahara ta haɗa Nijar da Aljeriya da Chadi da Najeriya, da tallafin Bankin Raya Afirka, kuma abin farin ciki ne. Sai dai Kenya ta nuna cewa samun kayan aiki dabam, yarda a yi amfani da su dabam. Tsakanin Maraɗi da Katsina bai cika kilomita ɗari ba, Kano mai reshen mahaɗa tana gaba kaɗan, harshenmu ɗaya, waƙoƙin da muke saurare da finafinan da muke kallo ɗaya, kuɗin cinikinmu na tsallaka iyaka kullum. Ko saƙonmu zai bi wannan gajeriyar hanya, ya danganta da shawarar wasu mutane ƙalilan: shugabannin kamfanonin waya, masu ba da lasisi, da injiniyoyin da za su zauna su rubuta ƙullin. Akwai kuma namu kason. Makaranta ko jarida ko banki da ke neman wurin ajiye shafinsa yana iya tambayar mai ajiyar a wace ƙasa rumbunsa yake, kuma ko yana haɗe da mahaɗar gida.

Ɗalibin nan ya sami gurbinsa, ya gama karatu tuni, mukan gaisa in mun haɗu. Shagon kuwa an rufe shi, wayar hannu ta kashe kasuwar sibar. Umarnin da injiniya ya koya mini yana nan a kaina, nakan rubuta shi jefi-jefi in sa adireshin wani shafi na maƙwabta, in ƙirga zangon. Wani lokaci jerin gajere ne, ban ga sunan Turai a ciki ba. Wani lokaci kuma har yanzu Landan ko Faris na fitowa a tsakiya. Mai karatu da ke da kwamfuta a kusa, ya sa wani masani ya nuna masa yadda ake yi, ya duba ta ina nasa saƙon yake bi.